Muryar da Glenys Ta Ba Namiji

Shafi na 23

Masu cika min waya da "Inna, ina ci gaba?" tun kafin in sha shayi, na gan ku ɗaya bayan ɗaya. Ku sassauta min, yatsun nan sun kwana biyu a duniya. To ku matso. Mun baro Glenys Pascoe a gidan rediyon unguwarsu da ke Preston, ranar Lahadi da rana, wata biyu cif tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mijinta Noel, ta tafi da bakinsa da hannunsa na dama.

*

Jar fitilar da ke nuna makirufo a buɗe yake ta kama.

"Uku saura kwata, kuna tare da Glenys a shirinku na Ku Ji Wannan. Wadda ta wuce ta yaran Geelong ɗin nan ce, ƙungiyar Ƙofar Baya. Jita biyu suna dambe, ganga tana rabon faɗa. Don Allah kada ku ji ta a waya, ku nemi lasifika mai ciki. Wadda ke tafe kuwa ta wata yarinya ce 'yar Hobart da ta naɗi waƙoƙinta a ɗakin wanki. Minti tara ce. A minti na shida komai yana ɗaukewa sai numfashinta, saboda haka kada wanda ya tashi ɗora ruwan zafi."

Ta saki allura a kan faifai, ta kashe makirufo.

Duk abin nan da ta faɗa, daga 'yar takardar da ke manne a kwalin faifan ta karanto shi. Al'adar gidan ce: wanda ya fara sauraron sabon faifai shi ke rubuta abin da ya ji, ya sa harufan sunansa, ya manna. Rubutun na Glenys ne, G.P. ne a ƙasa. Amma maganar ta Noel ce. Saura irin su huɗu a jakarta. Daga su kuwa, shi ke nan.

Ƙofa ta buɗe. Stav Kondos, shugaban gidan, ya leƙo, bakinsa yana motsi a cikin gemu. Glenys ta tsani gemun nan. Ba a karanta leɓen mutum ta cikin daji.

"Tsaya in gyara gashina, ka faɗo wa mutane kamar 'yan kwana-kwana," in ji ta.

Ta juya masa baya, ta sauke abin sauraro daga kanta, ta zaro 'yar na'urar ji daga aljihun rigar sanyi ta cusa a kunne, ta sako furfura ta rufe. In tana gaban makirufo ba ta sa ta, don fito take yi a ƙarƙashin abin sauraro.

"Na ce tsaraba na kawo miki!" in ji Stav. "Waƙar nan da kika haukata gari da ita, 'Rigar Ruwa'. Ga ɗaya daga cikin masu ita, da ƙafarta ta hawo bene. Tamsin Vella, ga Glenys. Glen, kada ki cinye ta, 'yar mutane ce."

Yarinya ce siririya, ba za ta wuce ashirin da biyar ba, gashi a aske gefe guda, kwalin faifai a hammata. Ko murmushi ba ta yi ba.

Glenys kuwa har ta manta gwiwarta na ciwo, ta miƙe.

"Kai! Zauna, 'yar nan, zauna. Ke ce mai jita ko mai ganga? Ina mutumin? Ina mai muryar? Ki gaya masa akwai wata tsohuwa a Preston da za ta aure shi in mijinta ya yarda."

Stav ya tuntsire da dariya. "In wannan ta ƙare sai ku yi hira kai tsaye. Bari in haɗo shayi. Glen, biskit ɗinki na nan ban taɓa ba. Ƙarya nake, na ci biyu."

Ya fita. Ƙofar mai nauyi ta koma ta rufe.

"Babu wani mutum," in ji Tamsin.

"Na'am?"

"Babu namiji a waƙar. Ni ce."

Glenys ta yi 'yar dariya, tana jiran sauran barkwancin. Bai zo ba.

"Faifan na gudu arba'in da biyar ne. Ke kuma kina juya shi a talatin da uku."

Ku da kuka buɗe ido kuka ga waya, bari in gaya muku. Faifai gudu biyu gare shi. Babba akan juya shi a hankali, ƙarami da sauri. In ka juya na sauri a hankali, sai komai ya yi nauyi, ya ja ciki, muryar yarinya ta koma ta ƙato.

Glenys ta zauna. 

"Babban faifai ne," ta ce a hankali. "Ba ku rubuta gudu a jikinsa ba."

"Ba mu rubuta ba, wannan laifinmu ne. Fintan, mai jitarmu, ya ce rubutawa ƙauyanci ne. Amma Glenys, sau ɗaya ake wannan kuskuren. Kowa ya taɓa yi. Daƙiƙa goma, a yi dariya, a gyara. Ke Lahadi uku kika yi."

"Me ya hana ku kira?"

"Ina Mildura ina tsinkar lemo, ban ma sani ba. Da na dawo na kira sau bakwai. Kullum sai a ce min Glenys ba ta ɗaukar waya, sai dai a bar saƙo."

"To sauran 'yan ƙungiyar fa?"

"Sauran?" Tamsin ta yi wata dariya mara daɗi. "Sauran suna ta rawa. Kin san mutum nawa ke zuwa kallonmu da? Goma sha biyu, uku a ciki 'yan uwan mai ganga ne. Yanzu wasanmu na Asabar ya cika maƙil, mutum ɗari uku. Duk sun zo jin mutumin da Glenys Pascoe ta ce muryarsa kamar ana jan jirgin ruwa a kan yashi."

"Haka na ce?"

"Haka kika ce. Na haddace. Jiya a wurin gwaji suka zaunar da ni. Wai tunda haka gari ke so, Fintan zai rera ta a hankali, ni in koma baya in riƙe jita. Waƙata. Shekara biyu ina rubuta ta."

"Ba za su yi miki haka ba."

"Sun ƙirga hannu, uku da ɗaya." Tamsin ta gyara riƙon kwalin faifan. "Wannan ma da sauƙi. Babana ya kira ni. Mutumin da tun ina sha huɗu yake cewa muryata kamar ƙofar kabad. Bai taɓa zuwa wasana ba. Ya ce, 'Tam, na ji ku a rediyo. Yanzu kuka yi hankali da kuka samo namiji.'"

Glenys ta dubi faifan da ke juyawa. Allura ta ci kashi ɗaya cikin uku. Saura minti shida.

"Zan gyara," ta ce. "Yanzun nan. In ce tsufa ne, a yi min dariya, shi ke nan."

"Za ki gyara." Tamsin ta tashi, ta zaro faifanta, ta ɗora a kan na'ura ta biyu, bayanta ga Glenys. Kafaɗunta suna motsi. Wani gunaguni ya iso kunnen Glenys, kamar ana magana a ɗaki na uku.

Tamsin ta juyo. "Na ce me?"

"Kin ce... za ki sa shi a daidai."

"Ba haka na ce ba."

Glenys ta kawar da ido.

"Tambayarki na yi, wane baiti kika fi so. Sati uku kina yabon waƙar nan, ba ki taɓa faɗin kalma ɗaya daga cikinta ba. Na ɗauka salo ne." Ta murɗa maɓallin gudu, ta saki allura, ta buɗe 'yar lasifikar gwaji wadda ba ta fita waje. "To ga ta yadda take. Me nake cewa?"

Abin da ya shigo ta na'urar ji ba waƙa ba ce. Kamar ana jan kwanon rufi a kan siminti, ana kuma kaɗa cokula a cikin bokiti. Glenys ta kafa wa lasifikar ido kamar tana da leɓe.

"Kina cewa... ruwa."

"Sunan waƙar ke nan. Yana jikin kwali."

"Ɗan ƙara sauti."

"Ya kai ƙarshe, Glenys."

Tamsin ta ɗage allura. Ta daɗe tana kallon tsohuwar. Sannan idonta ya sauka a gefen kunnen, inda furfura ta ɗan zame.

"Tun yaushe?"

"Ban san me kike..."

"Tun yaushe?"

Wayyo, jikokina. Shekara biyu tana tanadin amsar wannan tambaya, ta tanadi ta likita, ta tanadi ta Stav, ta tanadi ta 'yan jarida. Ba ta tanadi ta yarinyar da ta ƙwace wa murya ba.

"Shekara biyu da wata huɗu," ta ce. "Tsuntsaye suka fara tafiya. Na ce wa Noel, ina tsuntsayen bayan gida suka koma? Ya dube ni, ashe suna nan suna ta kuka. Daga nan butar shayi ta daina fito. Daga nan jita. Muryar mata ce ta bi bayansu. Likita ya ce siraran sautukan sama ne ke fara mutuwa, na ƙasa su biyo a hankali. Shekara arba'in ina tsayawa a jikin lasifika a wurin wasa, ya ce me nake tsammani."

"Wannan abin na kunnenki fa?"

"Na magana ne. In mutum yana gabana, ɗaki shiru, ina kallon bakinsa, muna tafiya. Kiɗa kuwa niƙa shi take yi."

"To duk waƙoƙin nan da kike ba mu..."

"Noel. A teburin kicin. Ya sa faifai, ya rufe ido, ya faɗa, ni in rubuta. Shi mai gyaran famfo ne, bai taɓa shiga ɗakin nan ba, amma kunne gare shi kamar na kare. Da yana nan, kafin gangarki ta buga sau biyu zai ce, 'Glen, wannan faifan barci yake ji, ƙara masa gudu.'"

Tamsin ta koma ta zauna. Ta sa kai a tsakanin hannuwa.

"Ƙofar Baya," ta ce. "Saboda ke na sayi faifansu. Yarinyar nan 'yar Hobart. 'Yan Ballarat ɗin nan masu ganga biyu. Ina sha shida nake ɓoye rediyo a aljihu a shagon babana, ina rubuta duk abin da kika ce a ji. Littafi huɗu gare ni. Ke kika sa na ɗauki jita."

"Na da ɗin nawa ne. Wannan kam na rantse miki."

"Na yanzu fa?"

"Na yanzu masu kyau ne. Noel bai taɓa zaɓar banza ba."

"Ba shi na tambaye ki ba. Kin ce mana *na ji*. Duk Lahadi. *Na ji wannan, ku ma ku ji.*"

"Na faɗa."

"Me ya sa ba ki bari ba?"

"In bari in zama me?" Muryar Glenys ta tashi, ita kanta ba ta san iya tashinta ba. "Shekara talatin da ɗaya, 'yar nan. Ban haihu ba. Ban iya lambu ba. Mutumin da nake hira da shi yana kwance a gadon asibiti yana kallon silin, in na shiga sai hawaye. Duk Lahadi mai jinya tana ajiye masa rediyo a gefen filo. Awa biyun nan ne kaɗai yake jin gidanmu yana nan. In na bari, me zan kunna masa?"

Allura ta wuce rabi da nisa. Wataƙila yanzu ne komai ya ɗauke sai numfashin yarinyar Hobart. Glenys ba ta da hanyar sani sai agogo.

"Waƙarki kuwa," ta ce, "ba Noel ya zaɓa ba."

Tamsin ta ɗago.

"Yana asibiti ta iso. Wata Alhamis na dawo daga wurinsa, na tarar da ita a ƙofa. Na cire abin kunnen nan don ya ishe ni. Na ɗora faifan don kawai in ga wani abu yana motsi a gidan. Babba ne, na sa shi a talatin da uku, na juya zan tafi kicin. Sai na ji murya."

Ta dafa ƙirjinta.

"Ji, Tamsin. Ba girgiza a ƙafa ko a jikin tebur ba. A kunne. Ta sauko ƙasa, can inda ya rage min. Kalmomin ban kama su ba, amma na ji tana hawa, na ji tana sauka, na ji inda ta karye. Na zauna a ƙasa da jakata a kafaɗa. Sau goma sha ɗaya na sa ta. Na ce ashe ban mutu duka ba. Takardar da ke jikinta, ni na rubuta, da bakina. A shekara biyu ita kaɗai ce ban yi ƙarya a kanta ba."

Tamsin ta share hanci da bayan hannu.

"Ita ce kuma babu ita a duniya," ta ce.

"Na sani yanzu."

"Tawa ta fushi ce. Da gudu take. Ba ta kuka ba ce."

"Na ji."

"Ba ki ji ba."

"Ban ji ba," in ji Glenys.

Saura daƙiƙa arba'in. Hannu ya san aikinsa ko da mai shi ta rushe. Ta zare na'urar ji a gaban yarinyar, karo na farko a gaban wani mahaluki in ba Noel ba, ta jefa a aljihu. Duniya ta koma ƙarƙashin ruwa. Ta ɗora abin sauraro, ta jira allura ta kai ƙarshe, ta danna.

Jar fitila.

"Kun ji ta ko? Na gaya muku kada ku tashi. To jama'a, yau tsohuwarku ta zo da abin kunya. Sati uku ina ba ku 'Rigar Ruwa', ina ta yabon wani bawan Allah mai murya. Babu shi. Ni na ƙirƙire shi da yatsana, na juya faifan a gudun da ba nasa ba. Mai waƙar tana gabana, sunanta Tamsin Vella, ita ta rubuta, ita ta rera. Masu zuwa ranar Asabar, ita za ku je gani. In wani ya hau ya ce zai rera muku a hankali, ku ce Glenys ta ce ya sauka. Ga ta nan yadda mai ita ta yi ta. In ta ƙare, kamar kullum, zan gaya muku abin da na ji."

Ta saki allura. Ta kashe makirufo.

Sai a lokacin ta gane abin da bakinta ya faɗa. *Kamar kullum.* Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa sa waƙa ta wuce ba tare da ta faɗi dalilin jin ta ba. Baki ya saba, ya yi alkawari shi kaɗai.

Minti huɗu.

Ta danna abin sauraro a kunnuwa da hannu biyu har ƙashi ya yi zafi. Ganga tana nan, can nesa, kamar maƙwabci yana buga ƙusa. Inda muryar take da, babu komai. Fili. Ta lalubi wurin da take karyewa, wurin da ya zaunar da ita a ƙasa. Babu.

Ashe da hannunta ta kashe muryar, a gaban gari.

Tamsin tana kallonta. Ta ga idon Glenys yana bin allura kamar mai kallon jirgi yana barin tasha. Ta ciji leɓe. Ta jawo ɗaya daga cikin fararen takardun mannawa da ke kan tebur, ta cire murfin biro da haƙori, ta hau rubutu da sauri.

Ta turo takardar tsakiyar tebur. Glenys ta karanto ta daga inda take:

*Ganga ce ke fara gudu, jita na bin ta. A minti na biyu duk su tsaya, muryar ta hau ita kaɗai har ta tsage. Ki ce tsagewar ce waƙar. Karanta kamar yadda kike karanta na Noel. Zancen kunnenki ba zai fita daga bakina ba.*

Glenys ta miƙa hannu.

Iska ta taɓa ƙeyarta. Ƙofa ce.

Stav ya shigo da baya, kofi uku a faranti, yana ta zuba surutu cikin gemu, fuskarsa cike da dariyar kuskuren gudu. Ya nemi inda zai ajiye farantin. Takarda ce a wurin. Ya ɗauke ta da yatsa biyu don kada ta jiƙe.

Ya ajiye shayi.

Idonsa ya faɗa kan rubutun.

Dariyar ta tsaya a inda take. Ya karanta har ƙasa. Ya koma sama ya sake. Ya dubi Tamsin, ta sunkuyar da kai. Ya dubi Glenys, matar da ta koya masa riƙe allura yana ɗan shekara sha tara.

Saura daƙiƙa ashirin.

A hankali ya ɗaga takardar, ya rufe bakinsa da ita, gemu da leɓe duka, don ya gwada kunnenta. Maƙogwaronsa ya motsa. Ya faɗi wani abu, gajere.

Tamsin ta zabura, ta toshe bakinta da hannu.

Glenys ta dubi Tamsin. Ta dubi farar takardar. Ta yi murmushin nan da take yi wa mutane in ba ta ji ba, ta gyaɗa kai.

"Haka ne, Stav," ta ce.

Ya sauke takardar. Idonsa ya kawo ruwa.

Allura ta kai ƙarshen faifai, tana zagaye a wuri ɗaya. Duk rediyon da ke kunne a garin ya yi tsit.

Stav ya miƙo hannu ta saman kafaɗarta, zuwa maɓallin makirufo.